Rinin Fata a Jikin Itace: Lofen Turai da Takalman Bata

A kewayen Bata a Kano, inda Fagge ta yi iyaka da Sabon Gari, masu gyaran takalma kan karɓi takalmin gwanjo da ya koɗe su maido masa da launinsa. Sana'ar tasu tana da 'yar'uwa a nesa: sabunta lofen taba na Turai, wanda ake sassaƙawa da kututturen saiwar briar, itacen ƙasashen bakin Bahar Rum. Garin Saint-Claude na Faransa ya yi suna da wannan lofe tun tsakiyar ƙarni na 19. Masu gyaransa da yawa rinin fata suke shafa masa, irin na kamfanin Fiebing's na Amurka.

Dalilin a fili yake. An narkar da rinin ne a sifirit, saboda haka yakan ratsa jikin itacen, alhali fenti kwanciya yake yi a sama. Lofe yana ɗaukar zafi, fenti kuwa da ya ji zafi sai ya kumbura ya ɓare, kamar yadda yake tsagewa a takalmi daidai inda yatsu ke lanƙwasawa.

Mai gyaran lofe yakan fara wanke tsohon kaki da dattin hannu da sifirit, ya bi da samfefa mai laushi. Sai ya shafa baƙin rini, ya kusanto da ashana. Sifirit ɗin ya kama da shuɗin harshe, nan take ya mutu, launin ya zauna. Daga nan ya sake gogewa har baƙin ya saura a jijiyoyin itacen masu taushi kaɗai, ya ɗora ja ko ruwan ƙasa, ya rufe da kakin karnoba na Brazil. Cikin ramin taba ba a sa masa rini. Mafi yawan aikin yana wajen shiri, kuma nan masu gaggawa ke faɗuwa.

Dukawan Kano sun riga masana'antu sanin amfanin launin da ke ratsa ciki. Majema suna jeme fatar akuya da bagaruwa, baduku kuma ya zana mata kuloko, ruwan da aka jiƙa da ƙarfe. Da ƙarfen ya gamu da ɗacin bagaruwar da fatar ta sha, baƙin a cikin naman fatar yake haifuwa. Ja kuwa daga karan dafi ake samunsa. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya tarar da takalma da jemammiyar fata cikin manyan hajojin birnin. A 1856 William Perkin ya haɗa rinin sinadari na farko a Ingila, kuma zuriyar wannan rini ce yau ke cikin kwalbar mai gyaran lofe da ta mai gyaran takalmi.

A ganina matsalar Bata ta yanzu tana jikin hajar. Fatar da masana'antu suka jeme da sinadarin kurom ba ta sha bagaruwa ba, don haka kuloko ba shi da abin kamawa. Ga shi kuma takalma masu yawa a kasuwa roba ce aka yi wa zanen fata, ba ta shan komai. A kan roba dole mai gyara ya koma ga fenti, in damina ta kankare shi kuma, mai takalmin zai zarge shi da ha'inci, alhali tun a wurin saye aka yi asarar.