Yadda Birnin Landan Ya Samu 'Yan Kwana-Kwana

Sau da yawa mu marubuta idan labari ya cije mana, sai mu cinna wa gidan tauraron wuta, a shafi na gaba kuma sai ga 'yan kwana-kwana da jiniya. Ba mu cika tambayar wanda ya ajiye su ko wanda yake biyansu ba. To, amsar wannan tambaya ta ɗauki mutanen Landan shekara ɗari biyu cur.

A daren Lahadi 2 ga Satumba, 1666, wuta ta tashi a wani gidan burodi da ke lungun Pudding. Gidajen birnin na katako ne, a cunkushe, ga iska tana kaɗawa daga gabas. Abin da jama'a suka mallaka bai wuce bokitin fata da gatari da doguwar ƙugiyar rushe gini ba. Magajin gari kuwa ya yi ta jan ƙafa wajen ba da umarnin rushe gidajen da ke gaban wutar, don gudun a ce shi zai biya. Kwana huɗu tana ci. Ta lashe gidaje kimanin 13,200 da majami'u 87, sai da aka tarwatsa wasu gidaje da albarushi, iska kuma ta lafa, sannan ta mutu.

Mai karatu zai zaci daga nan hukuma ta farga. Ina! 'Yan kasuwa ne suka farga. Kamfanonin inshora suka ɓullo, kowanne ya ɗauki 'yan kwale-kwalen kogin Tems ya ɗinka musu kayan sarki, ya ba su famfon da ake bugawa da hannu. Duk gidan da ya biya, sai a kafa masa tambarin ƙarfe a bango. An sha faɗin cewa idan suka iske gida babu tambarinsu sai su bar shi ya ƙone. Wannan zance akwai ƙarin gishiri a ciki, domin wutar maƙwabci ba ta karanta tambari, kuma su ma sun san haka. Abin da ke gaskiya shi ne, dukiya aka ajiye su su tsare. Ceton rai sai da wata ƙungiyar sa kai ta kafu a 1836, ta riƙa girke dogayen tsani a tituna da dare.

A 1833 kamfanoni goma suka haɗe rundunoninsu, suka ɗauko James Braidwood daga Edinbara, inda ya shugabanci rundunar birni tun 1824. Mutum 80 kacal aka ba shi. Braidwood ya kawo atisaye da horo irin na soja, ya kuma koya wa mutanensa su kutsa cikin gini su nemi gindin wutar, maimakon tsayawa a titi ana watsa ruwa ta taga. Duk da haka a 1834 ginin majalisar dokoki ya ƙone, da ƙyar suka ceci babban zauren Westminster.

Ranar 22 ga Yuni, 1861, rumbunan ajiya na titin Tooley, waɗanda ke maƙare da kitse da mai da rama, suka kama. Braidwood yana zagayen duba mutanensa katanga ta rufto masa, nan take ya rasu. Wutar ta yi mako biyu tana ci a ƙarƙashin ɓaraguzai. Asarar ta girgiza kamfanonin, suka shaida wa gwamnati cewa sun gaji da ɗaukar nauyin birni guda. Dole majalisa ta yi doka a 1865, rundunar hukuma ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 1866, a ƙarƙashin Kyaftin Eyre Massey Shaw. Kuɗinta daga wuri uku yake fitowa: harajin gidaje, da baitulmalin gwamnati, da kason kamfanonin inshora, waɗanda ba a bari sun zame gaba ɗaya ba. Shekara guda bayan haka aikin tsanin ceto ya dawo hannunta, wato rai da dukiya suka zama nauyin hukuma ɗaya. (Mu ma a nan, a jikin 'yan sandan Legas aikin ya faro zamanin Turawa, kafin dokar 1963 ta ba shi gashin kansa.)

A yau rundunar tana da tashoshi fiye da ɗari, har da ta jiragen ruwa a bakin Tems. An kasa ma'aikatan kowace tasha rukuni huɗu, ja da fari da shuɗi da kore, suna karɓa-karɓa dare da rana. Banda kashe wuta, suna duba gine-gine, suna shiga gidaje su kafa na'urar da ke ƙara idan ta ji hayaƙi. Hatta lambar kiransu gobara ce ta haife ta. A 1935 mata biyar suka mutu a titin Wimpole, alhali wani maƙwabci yana riƙe da kan waya yana jiran ma'aikaciyar tarho ta amsa. A 1937 aka buɗe 999.