Jijiya

Jijiya tsohuwar kalmar Hausa ce, kuma kayanta da yawa. Mahauci na kiran abu mai tauri cikin nama da ita, hanyar jini ma ita ce, haka saiwar itace. Shi ya sa idan manomi a Rawayya ya ce jijiyarsa ta riƙe, sai an tambaya: wacce?

In zafin daga ƙugu yake saukowa ta bayan cinya har tafin ƙafa, babbar jijiyar da ta fito daga ƙashin baya ce, mafi tsawo a jiki, galibi guringuntsi ne ya danne ta. Littattafan ɗibbu na kiran ciwon da Larabci "irƙun nasa". Wasu na karanta "nasa" ɗin "nisa'i", wato mata, su ɗauka ciwon mata ne, alhali maza masu sunkuyon noma ma na fama da shi.