Gyaran bawul da kan silinda na babur

Gyaran bawul da kan silinda aiki ne da makanikai ke yi wa injin babur idan ya fara shan baƙin mai ko ƙarfinsa ya ragu. Ƙananan injuna irin na Honda CG125, wanda ya fito a tsakiyar shekarun 1970, suna da bawul biyu: na shigar mai da iska, da na fitar hayaƙi. Robar bawul ita ke hana baƙin mai zurarewa cikin silinda.

Alamomi

Idan robar ta bushe, salansa kan fitar da shuɗin hayaƙi lokacin tayar da inji, fulogi kuma ya yi baƙi. Hayaƙin da ba ya yankewa a kan tafiya ya fi nuna lalacewar ringin fistin.

Yadda ake gyarawa

Ana kwance kan silinda, a kankare baƙin da ya taru, a goge bakin bawul da mazauninsa har su zauna daidai, sannan a sa sabuwar roba da gaskit. Idan hanyar da bawul ke bi ta yi faɗi, sabuwar roba ba ta daɗewa. Ana saita tazarar bawul ne bayan inji ya huce.

A Bagudo

A Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, mai iyaka da Jamhuriyar Benin, 'yan kabu-kabu na jigilar mutane da kaya tsakanin garuruwa irin su Ka'oje, Illo, Lolo da Tsamiya. Ƙurar hunturu da nauyin kaya na saurin cinye inji, don haka tsaftace matatar iska da canza baƙin mai a kan lokaci na rage yawan gyara.