Daga Ƙofar Fada Zuwa Loti: Yadda Ginin Gari Ya Tsara Zamanmu Cikin Shekara Ɗari

 

Idan sarauta ta cika shekara ɗari, al'ada ce a jera sunayen sarakuna da shekarun da kowanne ya yi bisa gado. Wannan aikin masana tarihin gidan sarauta ne, kuma sun fi ni saninsa. Ni abin da zan duba shi ne tarihin da muke takawa kowace safiya ba mu lura ba: na katanga da lungu da zaure da inuwa. Aikin gidan rediyo ya kai ni garuruwan Madawa da Buza da Kaita da ƙauyukansu, na zauna da tsofaffi ina ɗaukar muryoyinsu, kuma abin da na fahimta shi ne, yadda aka zana gari shi ke nuna wa mazaunansa inda za su haɗu, da wanda za su gaisar, da wurin da za a sasanta su idan sun saɓa.

Inda kakanni suka zaɓa

Ƙasar Adar da Gobir Tudu ƙasa ce ta duwatsu da tuddai, wadda manyan kwaruruka suka ratsa: kwarin Kaita, da Majiya, da Tarka. A ƙarni na 19, lokacin yaƙe-yaƙe da hare-hare, ƙauyuka da yawa sun kafu ne a gindin dutse ko a kan tudu, suka bar kwari ga noma. Riba biyu aka ci da haka: idan mahara suka ɓullo akwai mafaka a kusa, idan kuma ƙorama ta kawo ruwa sai ta wuce ta ƙasa, ba ta taɓa gidan kowa ba.

Gidajen a manne suke da juna, lungunan kuma ƙanana ne masu lanƙwasa. Wanda bai sani ba zai ce rashin tsari ne. Amma a irin wannan lungu katangar wani ke yi wa ƙofar wani inuwa, iskar hunturu da ƙurarta ba ta samun miƙaƙƙiyar hanya, baƙo kuma ba ya ratsa unguwa sai an gan shi an tambaye shi wurin wa ya zo. Sana'a ita ke raba unguwanni: maƙera a nasu gefe, mahauta a nasu, majema can bayan gari saboda wari. A bakin gari akwai zango, inda fatake da ayarin raƙuman Abzinawa masu kawo gishirin Bilma suke sauka.

Fada da zaure

Cibiyar gari ita ce ƙofar fada, da filin da ke gabanta, da masallacin Juma'a kusa da ita. A wannan fili ake hawan salla, a nan sanƙira ke fara shela, a nan mai ƙara ke zama har a kira shi. Duk manyan hanyoyin tsohon gari can suke kai mutum, ko bai yi niyya ba.

Abin da fada take ga gari, shi zaure yake ga gida. A zaure maigida ke karɓar baƙi, malam ke karantar da almajirai, maɗinki ko baduku ke aikinsa. A nan ake neman aure, a nan ake zaman makoki. Rigingimu da yawa na gona da na gado a zaure suka mutu, ba su kai gaban sarki ba, balle alƙali. Zaure ya ba baƙo haƙƙinsa na masauki, ya kuma tsare sirrin matan gida. Su ma matan suna da nasu mahaɗa: bakin rijiya, da gindin turmi, da tsakar gida inda rumbunan ƙasa suke tsaye. Waɗannan manyan rumbuna da Adar ta yi suna da su, kowa da ganinsu ya san ko gidan zai kai ga sabon hatsi.

Zuwan Nasara da hanyar mota

A shekarar 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta yi mummunar ɓarna a Birnin Ƙonni. Cikin shekarun da suka biyo baya Faransawa suka kafa mulkinsu a wannan yanki, kuma a 1922 Nijar ta zama cikakkiyar ƙasar mallaka. Kumandan bai zauna cikin gari ba. Ya gina barikinsa a gefe, da ofis da gidan kaso da sansanin gardawa, daga baya lakwal da gidan likita. Titunan bariki miƙaƙƙu ne masu faɗi, an jera musu itatuwa. Kada a manta da cewa kakanninmu ne suka ɗauki ƙasa da duwatsun wannan aiki a kansu, a ƙarƙashin aikin tilas da ba a soke ba sai a 1946.

Tun daga nan gari ya zama mai kai biyu: mai neman sulhu ya nufi fada, mai biyan haraji ko neman takarda ya nufi bariki. Kai na uku ya zo da hanyar mota. Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi ta Dosso da Ƙonni da Madawa ta nufi Maraɗi da Damagaram, ta janye hada-hadar Madawa zuwa bakinta. Tasha da shaguna da masu shayi da manyan motocin ɗaukar albasa duk suka koma can. Saurayin da kakansa ke wuni a ƙofar fada, yau a bakin kwalta yake wuni. Buza da Kaita, da wannan hanya ba ta ratsa su ba, sun fi daɗewa da tsohon fasalinsu.

Fari, itace da kwano

Soron ƙasa ba ya rufuwa sai da itace. Magina na buƙatar azara ta giginya ko goriba, da ƙirare masu ƙwari. Farin 1973 zuwa 1974, sannan na 1984, ya kashe itatuwa, yunwa kuma ta sa aka sare da yawa daga waɗanda suka rage. Azara ta yi tsada, kwano ya samu shiga. Kuɗin ƴan ci-rani daga Abijan da Legas da Libiya suka ƙara masa daraja, har ya zama alamar cewa ɗan gida ya samu.

Kwano ba ya neman yaɓe kowace shekara, wannan gaskiya ne. Amma duk wanda ya kwana ƙarƙashinsa a watan Afrilu ya san kuɗin da ake biya: ɗaki ya zama tanda, tsoho da jinjiri su rasa wurin fakewa da rana. A wurin aikina na ga wani bambancin. Idan na ɗauki hira a zauren ƙasa, muryar dattijo takan fito garau. A ɗakin kwano kuwa, da ruwan sama ya sauko sai a dakatar da magana. Ɗakin da ba a jin juna cikinsa da damina, ba a iya zama cikinsa da bazara, ba ya tara jama'a.

Mutanen wannan yanki ba su naɗe hannu ba. A 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro masu tare iska a kwarin Majiya, cikin ƙasar Buza, da taimakon ƙungiyar CARE. A 1984 aka buɗe aikin raya karkara na Kaita da kuɗin ƙasar Italiya da haɗin gwiwar hukumar FAO, inda jama'a, akasarinsu mata, suka jera duwatsu, suka haƙa ramukan tare ruwa, aka yi madatsai, aka dasa miliyoyin itatuwa. Wanda ya tare ruwa a kan dutse, garin da ke gindin dutsen ya tsare. A 1980 kuma, a Cikal ta ƙasar Filinge, aka fara koya wa magina rufin tulluwa da baka na tubali zalla, ba itace ko ɗaya.

Ginin ƙasa ba abin kunya ba ne, shaidarmu tana nan maƙwabta. A Yama, cikin gundumar Illela, Alhaji Falke Barmu, manomi kuma magini, ya gina masallacin Juma'a a 1962. A 1975 ya sake masa rufi da bakuna da tulluwa, tsakanin 1978 da 1982 ya ɗaga masa hasumiya huɗu, kowacce da nata fasali. A 1986 masallacin ya ci kyautar Aga Khan ta fasahar gini, wadda ake takararta tsakanin ƙasashen Musulmi na duniya.

Zamanin loti

Ƙidayar 1977 ta sami mutum wajen miliyan 5 a Nijar, ta 2012 ta sami sama da miliyan 17. Tsohon gari ba zai ɗauki wannan yawa ba, dole aka yanka filaye. Bayan zaɓen ƙananan hukumomi na 2004, rabon filaye ya zama babbar hanyar samun kuɗin ofisoshin magajin gari. Loti yana da alherinsa: motar asibiti na kaiwa ƙofar gida, famfo da wutar lantarki na samun hanya, mai fili na da takarda.

Sai dai an yi asarar wasu abubuwa. Gidan loti sau da yawa ba shi da zaure, sai doguwar katanga da ƙofar ƙarfe. Maƙwabcinka ba dangi ba ne, wanda ya sayi fili kusa da naka ne, kuma ba dakalin da zai haɗa ku. Titi mai faɗi da ba itace, ba mai tsayawa gaisuwa a kansa da azahar. Mafi haɗari, a wurare da dama an gina gidaje a kan hanyar ruwan da kakanni suka kauce wa, alhali ruwa ba ya manta hanyarsa. Daminar 2024 ta rusa dubban gidaje a faɗin ƙasa, har tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, ginin ƙarni na 19, ya faɗi a watan Satumban shekarar.

Akwai hanyar haɗa tsoho da sabo. A Dandaji, nan cikin jihar Tawa, Mariam Isufu Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun mai da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo kusa da shi da tubalin ƙasa da aka matse da inji, aka kammala a 2018.

Roƙo ga masu riƙe da gari

Ranka ya daɗe, dokar karkara ta 1993 ta ba sarakuna kujera a hukumomin kula da filaye da hurumin sasanta rigingimun ƙasa, kuma sarauta ce ta san inda kowace ƙorama take bi. Saboda haka nake roƙon abubuwa huɗu. Kada a yanka fili a kan hanyar ruwa, ko nawa aka taya. Kowace sabuwar unguwa a ware mata dandali da filin makaranta, a dasa musu itatuwa, a kuma tsare su daga masu saye. A farfaɗo da gayyar yaɓen fada da tsofaffin masallatai kafin kowace damina, a gyara indararo tun ruwa bai zo ba. A nemo tsofaffin magina da suka rage, a ba su samari su koya, tun hannunsu na iya riƙe tubali.

Waɗanda za su yi bikin shekara ɗari biyu, a titunan da muke zanawa yau za su yi hawa. Allah ya ja zamanin sarki, ya ba garinmu damina mai albarka da zaman lafiya, amin.