Jubilee: Shirin Indiya Kan Rikicin Iko a Tsohon Kamfanin Fim

Jubilee shiri ne mai dogon zango da aka yi da harshen Hindi, wanda manhajar Prime Video ta fara nunawa ranar 7 ga Afrilu, 2023. Kashi goma ne. An saki biyar na farko a wannan ranar, sauran biyar kuma bayan mako guda. Vikramaditya Motwane ne ya ba da umarni, shi da Soumik Sen suka ƙirƙiro labarin, Atul Sabharwal ya rubuta shi. Amit Trivedi ya yi kiɗan waƙoƙin, Kausar Munir ta tsara baitocin. An gina labarin a Bombay, wadda yanzu ake kira Mumbai, tsakanin 1947 da 1953, a cikin wani ƙagaggen kamfanin shirya fim mai suna Roy Talkies.

Sunan shirin daga bakin 'yan kasuwar silima na Indiya ya fito. Fim ɗin da ya yi mako 25 a jere ana nuna shi a gidan silima ɗaya, sai a ce ya yi bikin azurfa, wato silver jubilee. In ya kai mako 50, bikin zinariya ke nan. Da wannan ake auna darajar jarumi da ta kamfani a wancan zamani.

Labarin

Srikant Roy, wanda Prosenjit Chatterjee ya fito a matsayinsa, shi ne mai Roy Talkies. Matarsa Sumitra Kumari ce babbar jarumar kamfanin, kuma tana da nata kaso a cikinsa. Aditi Rao Hydari ce ta hau wannan matsayi. Roy ya riga ya tanadi suna, Madan Kumar, yana neman fuskar da zai ɗora wa sunan. Idonsa ya faɗa kan Jamshed Khan, wani Musulmi ɗan wasan dandamali a Laknau. Sai dai soyayya ta ƙullu tsakanin Jamshed da Sumitra, har suna shirin tsallakewa Karaci.

Roy ya tura amintaccen yaronsa, Binod Das, ya je ya dawo masa da jarumi da mata. Binod, wanda Aparshakti Khurana ya fito a matsayinsa, irin yaron gidan nan ne da ba ya ɗaga ido gaban maigida, alhali ya daɗe da cin burin tsayawa gaban kyamara. A daren da tarzomar raba ƙasa ta kama Laknau, motar da Binod da Jamshed suke ciki ta yi haɗari. Binod yana da halin ceton Jamshed, ya ƙi, masu tarzoma suka tafi da shi. Ya koma Bombay ya gaji sunan Madan Kumar, daga nan kuma fuskar mamacin ba ta daina yi masa gizo ba.

A ɗaya gefen akwai Jay Khanna, ɗan gidan masu wasan dandamali na Karaci, wanda raba ƙasa ya mayar da shi ɗan gudun hijira a wani sansani a Bombay. Ya fara da aikin ƙarfi a Roy Talkies, daga baya ya kafa nasa kamfani da kuɗin Shamsher Walia, wani mai zuba jari marar linzami a baki. Sidhant Gupta da Ram Kapoor ne suka fito a waɗannan matsayai. Sai Niloufer Qureshi, wadda Wamiqa Gabbi ta fito a matsayinta, ta baro gidan rawa da waƙa na Laknau tana neman zama jaruma. Sumitra ba ta fasa bin kadin jinin Jamshed ba har maganar ta kai kotu, Roy Talkies kuma ya durƙushe.

Tarihin da ke ƙarƙashin labarin

Wanda ya san tarihin fim ɗin Indiya zai gane Bombay Talkies a jikin Roy Talkies tun kashi na farko. Himanshu Rai da matarsa Devika Rani ne suka kafa shi a 1934 a unguwar Malad, bayan sun yi aikin fim a Ingila da Jamus. Sun zo da Jamusawa masu sanin aiki, ciki har da darakta Franz Osten da mai ɗaukar hoto Josef Wirsching. Kamfani ne mai komai nasa: ɗakunan ɗaukar fim, ɗakin wanke fim, wurin naɗar sauti, kantin abinci. Kowa ɗan albashi ne, daga jarumi har mai share fili, a zo aiki da safe a tashi da yamma.

A 1936, ana cikin ɗaukar Jeevan Naiya, Devika Rani ta gudu Kalkata da jarumin fim ɗin, Najm-ul-Hassan. Sashadhar Mukherjee, ɗaya daga cikin ma'aikatan kamfanin, shi ya bi sawu ya shawo kanta ta dawo. Rai ya kori Najm-ul-Hassan, ya leƙa ɗakin wanke fim ya ɗauko wani matashi mai suna Kumudlal Ganguly, yayan matar Mukherjee, wanda aikinsa jiƙa fim a ruwan magani da shanya shi. Ba da son ransa aka tsayar da shi gaban kyamara ba. Aka raɗa masa suna Ashok Kumar. A wannan shekarar suka fito tare da Devika Rani a Achhut Kanya, labarin soyayyar ɗan manyan gida da 'yar ƙabilar da ake ƙyama, fim ɗin da ya ɗaga sunan kamfanin a faɗin ƙasar. Ba wanda aka kashe a wannan dambarwa. Najm-ul-Hassan ya ci gaba da fitowa a finafinan New Theatres a Kalkata.

Ainihin rikicin iko ya biyo baya ne. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, Turawan Ingila suka tsare Jamusawan kamfanin. Rai ya mutu a 1940. Devika Rani ta karɓi ragama, aka raba aikin shirya fim gida biyu, ɗaya ƙarƙashin Amiya Chakravarty, ɗaya ƙarƙashin Mukherjee. Ɓangaren Mukherjee ne ya fitar da Kismet a 1943, wanda ya yi shekara uku da 'yan kai ana nuna shi a silimar Roxy ta Kalkata. A shekarar ce kuma Mukherjee da Ashok Kumar da darakta Gyan Mukherjee da Rai Bahadur Chunilal suka fice suka kafa Filmistan.  Waɗanda suka ciyo nasara ne suka ga ba a ba su matsayin da ya dace da su ba.

Ashok Kumar ya dawo daga baya ya riƙe kamfanin tare da Savak Vacha, suka yi Ziddi a 1948 da Mahal a 1949, amma bashi ya riga ya ci ƙarfinsa. Bombay Talkies ya rufe a farkon shekarun 1950, daidai lokacin da Prabhat na Pune da New Theatres su ma suke kan hanyar mutuwa. Dalilin ɗaya ne. Yaƙi ya cika hannun 'yan kasuwa da kuɗin da ba sa so hukumar haraji ta gani, suka shigo harkar fim suna ba jarumi a fim guda abin da ba zai samu a albashin shekara ba. Kamfanin da ke ciyar da ɗaruruwan ma'aikata duk wata ba zai iya wannan gasa ba. Iko ya tashi daga hannun mai kamfani ya koma hannun jarumi da mai jari, kuma wannan ne Jubilee ya nuna a dangantakar Roy da Binod da Walia.

Maganar suna

Abin da shirin ya fi kamawa da kyau shi ne batun suna. Madan Kumar kayan kamfani ne kamar kyamara da fitila. Roy na iya ɗora shi a kan wanda ya ga dama. Da Jamshed Khan ya rayu, da sunan Hindu zai shiga gidajen silima. Haka abin yake a zahiri. Devika Rani ce ta ɗauki Muhammad Yusuf Khan, ɗan wani mai sayar da 'ya'yan itace haifaffen Peshawar, a kan albashin rupi 1,250 a wata, aka mayar da shi Dilip Kumar a fim ɗinsa na farko, Jwar Bhata, a 1944. Mumtaz Jehan, wadda ta fito tana yarinya a Basant na Bombay Talkies a 1942, ita ce ta zama Madhubala. Mahjabeen Bano ta zama Meena Kumari.

Dawo da labarin gudun 1936 zuwa 1947 ya ba marubutan damar haɗa wannan da raba Indiya da Pakistan, wanda ya tayar da mutum wajen miliyan 15 daga gidajensu, aka kashe dubban ɗaruruwa. Wutar ta taɓa Bombay Talkies kansa. Marubuci Saadat Hasan Manto, wanda ya yi aiki a can kafin ya koma Pakistan a 1948, ya ba da labarin wasiƙun barazana da aka riƙa aiko wa kamfanin saboda yawan Musulmin da ke manyan muƙamansa.

Shirin ya kuma taɓo yadda Amurka da Tarayyar Sobiyet suka riƙa zawarcin masu shirya fim, da rigimar waƙa a rediyo. Wannan ta biyun tana da tushe sosai. B. V. Keskar, ministan watsa labarai daga 1952, ya taƙaita sa waƙoƙin fim a gidan rediyon gwamnati don yana ganin suna ɓata tarbiyya. Masu sauraro suka murɗa akwatinsu zuwa Rediyon Silon, inda Ameen Sayani ya fara shirin Binaca Geetmala a 1952. Gwamnati ta sauko a 1957 ta buɗe tashar Vividh Bharati.

Ga mai kallo Bahaushe

Zamanin da Jubilee ya zana shi ne ya haifi finafinan da suka fara shigowa Arewa. Lebanawa masu gidajen silima ne suka kawo finafinan Indiya tun shekarun 1950, a lokacin da Kano ke da Rex, wadda aka buɗe a 1937, da Palace ta 1951. Mother India na 1957 ya shekara da shekaru ana maimaita shi. Yau ma daga Fagge har Badariya a Birnin Kebbi, ba a rasa matashin da ke da fim ɗin Indiya na fassarar Algaita a wayarsa.

Masana'antar finafinan Hausa, wadda aka saba ƙirga farkonta daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, ba ta taso a kan tsarin kamfani mai katanga da albashi ba. Da kyamarar bidiyo da kuɗin 'yan kasuwar kaset ta fara, wato ta fara ne daga inda Bombay Talkies ya ƙare. Duk da haka mai kallon Arewa zai gane abubuwa da dama: ubangida da yaron da ya ɗauko daga ƙasa, ranar da yaron ya fi ƙarfin aike, mai jarin da ke faɗin wanda za a sa a fim, da hukuma mai sa ido a kan rawa da waƙa, irin aikin da Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano take yi tun 2001. Hausawa na cewa ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Roy bai taɓa kallon Binod a matsayin wanda za a ji tsoro ba.

Inda shirin ya gaza

An yaba wa Jubilee a kan tsara wurare da tufafi da hasken hoto, da waƙoƙin da aka yi su da salon wancan zamani. An kuma yi ƙorafin cewa yana jan ƙafa a tsakiya. Babban rauninsa yana ga Sumitra Kumari. An mayar da ita mace mai makoki, wadda ba ta da wani aiki sai neman fansar masoyinta, ana buga wasan iko a gabanta tsakanin maza. Matar da aka ɗauko siffarta ta wuce haka nesa ba kusa ba. Devika Rani ta koyi wasa da zanen ɗaki da kwalliya a Turai. Bayan abin kunyar 1936 ta dawo bakin aikinta, bayan mutuwar mijinta ta riƙe babban kamfani shekara biyar a tsakiyar yaƙi, tana fama da masu hannun jari da ɓangaren da ya ɓalle, kuma a cikin wannan hali ta gano Dilip Kumar. Rikicin 1940 zuwa 1945 shi ne mafi zafi a tarihin kamfanin, mace ce a tsakiyarsa, shirin kuma bai yi amfani da shi ba.

A 1945 Devika Rani ta sayar da kasonta, ta auri mai zane ɗan Rasha Svetoslav Roerich, ta bar harkar fim gaba ɗaya. Ita ce ta farko da gwamnatin Indiya ta ba lambar Dadasaheb Phalke, mafi girma a harkar fim ta ƙasar, ta shekarar 1969. Ta mutu a Bangalore ranar 9 ga Maris, 1994.