Kula da Ƙananan Larurorin Ɗalibai Ba Tare da Magani Ba

Wannan wani sashe ne na aikin jinya a makarantu, inda ake kwantar wa yara ƙananan ciwace-ciwace da ruwa, hutu, abinci ko dabarar hannu, ba a kai ga ƙwaya ko allura ba. Manufar kiwon lafiya a makarantu da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar a 2006 ta sanya agajin farko cikin haƙƙoƙin ɗalibi. A ƙauyukan Dandume da sauran yankin noma na Funtua da Malumfashi, galibi malamin aji ko malamin lafiya ne ke ɗaukar wannan nauyi, domin ba kowace makaranta ke da ma'aikacin jinya ba.

Larurorin suna bin yanayi. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, iska mai ƙura tana busar da cikin hanci, sai haɓo ya yawaita. Ana zaunar da yaro, ya ɗan sunkuyar da kai gaba, a matse gefen hancin mai laushi na minti 10 zuwa 15, yana numfashi ta baki. Al'adar ɗaga kai sama kuskure ce, domin jinin yana gangarawa maƙogwaro ya jawo amai. Da bazara kuwa, jiri da suma a taron safe su ne suka fi yawa, musamman ga yaran da suka taka sayyada daga nesa ba su karya kumallo ba. A kwantar da yaron a inuwa, a ɗaga ƙafafunsa, in ya farfaɗo sosai a ba shi ruwa da koko ko kunu. Ciwon kai da yawa a aji yunwa ce da ƙishirwa.

Ƙuna ana zuba mata ruwa mai sanyi na kimanin minti 20, ban da man goge baki ko ɗanyen ƙwai. Ciwon mara na 'yan mata yana lafawa da gashin ruwan ɗumi. Mai gudawa a dama masa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1 ta ruwa mai tsabta.

Sanin iyaka shi ne ginshiƙin aikin. Targaɗe yana son hutu da tsumma mai sanyi, amma mai ciwon sikila in ciwon gaɓoɓinsa ya motsa, sanyi ƙara masa azaba yake yi. Ɗumi da shan ruwa yake buƙata kafin a garzaya da shi asibiti. Saboda haka ya wajaba makaranta ta san ɗalibanta masu sikila. Zazzaɓi ma ba a zama a kansa: da damina yana iya zama na cizon sauro, wanda sai gwajin jini ke tabbatarwa, lokacin zafi kuma in ya zo da sanƙarewar wuya ana tsoron sanƙarau. Irin wannan yaro a sanar da iyayensa, a kai shi asibiti mafi kusa a ranar.