Gulbin Maraɗi Bai Manta Hanyarsa Ba

Duk damina ina tambayar ɗalibaina a Gidan Sori: ruwan da ya sauka daren jiya, ina ya tafi? Tarihinmu ya riga ya ba da amsa. A 1945 Gulbin Maraɗi, wanda ke tasowa daga ƙasar Katsina, ya cika ya cinye tsohon garin Maraɗi da ke cikin fadama, dole aka tashi aka koma tudu.

Bayan farin shekarun 1970, aka kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai a 1974. Masana suka riƙa auna ruwan sama da na gulabe, suna lissafin wanda ƙasa ke shanyewa da wanda ke malala. Sai suka ga abin mamaki a wurare da dama na Sahel: ruwan sama ya ragu, amma malala ta ƙaru, domin an sare itatuwa, ƙasa ta daskare.

Ambaliyar Agustan 2024 a Maraɗi ta sake tuna mana. Iyaye, kafin ku sayi fili mai araha a kwari, ku tambayi dattawa inda ruwa ya taɓa kaiwa. Malamai kuma, mu kafa ma'aunin ruwan sama a makarantunmu, yara su riƙa rubutawa kullum.